Sufeto a Bencin Baya

Maganar Maharazu ta yi wata huɗu tana yawo a gidan Alhaji Sanusi, daga falo zuwa kicin, daga kicin zuwa wayar dangi, har yau ba ta sami wurin zama ba.

Laifinsa ɗaya ne, kuma Hajiya Rabi ba ta gajiya da faɗarsa. Malamin makaranta ne. Da safe yana koyar da Turanci a wata sakandare a Giginyu. Da yamma kuma, maimakon ya bi gidajen masu hali yana yi wa 'ya'yansu darasi kamar kowa, sai ya tara direbobi da masu gadi da masu girkin Nassarawa GRA a wani gareji yana koya musu.

"Malamin masu gadi!" in ji Hajiya Rabi, tana kallon 'yarta sama da ƙasa. "Nabiha, duk karatun da kika yi, duk farar rigar asibitin da kike sawa, ki rasa wanda za ki kawo mana sai wannan? Ga Hanif nan, yaro ya dawo daga waje da digiri biyu, ga gidansa a Hotoro an gama fenti. Uwarsa kullum sai ta kira ni. Me zan ce mata?"

"Mami, ki ce mata ina da wanda nake so."

"Ji min yarinya! So za ki dafa ki ci?"

Nabiha ta kawar da kai. Shekararta ashirin da bakwai, ta kuma san cewa a gidan nan Mami ce mai yawan magana, amma Abba ne mai yanke ta.

Shi kuwa Alhaji Sanusi, shekara talatin da ɗaya ya yi yana sufeton makarantu kafin ya yi ritaya, kuma ritayar a takarda kawai ta tsaya. Har jarida in yana karantawa da jan biro a hannunsa. Ranar wata Laraba bayan La'asar ya sauko da babbar riga da ɗan littafin rubutunsa, ya tsaya a tsakiyar falo.

"Ba zan yi miki dole ba," ya ce da Nabiha. "Amma ba zan karɓi magabatan mutumin da ban sani ba."

"To a tura Kawu ya yi bincike mana," in ji Hajiya Rabi, "kamar yadda kowa yake yi."

"Ya je ya tambayi wa? Maƙwabta su yi masa kara, liman ya ce yana ganinsa a sahu. Ni in ina son sanin malami, ajinsa nake shiga. In na gamsu, ranar Asabar magabatansa su zo. In ban gamsu ba, an rufe maganar. Ɗauko makullin mota."

Nabiha ta kai hannu za ta ɗauki wayarta.

"Bar ta nan," ya ce. "Ban taɓa sanar da malami zan zo ba."

Tafiyar ba ta kai minti biyar ba. Layi uku ne tsakaninsu da gidan wani tsohon likita da ya ba da aron garejinsa. Nabiha tana tuƙi tana karanta duk addu'ar da ta zo bakinta, har da ta shiga kasuwa.

Benci biyar ne a garejin, da allo da aka jingina a kan tsofaffin tayoyi. Mutum goma sha huɗu, mata uku a gefe guda. Maharazu yana tsaye da alli a hannu, ya naɗe hannun rigarsa. Da ya ɗago ya ga wanda ya yi sallama, sai da allin ya kusa faɗuwa. Ya russuna har ƙasa ya gaishe shi, ya janyo kujerarsa ta roba.

"Ci gaba da aikinka," in ji Alhaji. Ya wuce kujerar ya je bencin baya ya zauna, ya buɗe littafinsa a kan gwiwa. Nabiha ta raɓe kusa da matan.

A nan ne ta ga Baba Zakari.

Mai gadinsu ne, shekara ashirin yana bakin ƙofarsu, tun tana 'yar firamare. Kullum bayan La'asar yakan bar mai kula da fulawa a ƙofa ya ce zai je karatu, kowa a gidan ya ɗauka na masallaci yake nufi. Ashe ga karatun. Yana zaune a benci na biyu da furfurarsa da fensir, ya sunkuyar da kai yana neman ramin da zai shige.

Maharazu ya yi gyaran murya ya koma allo. Ya riga ya ja layuka bakwai, ya rubuta a saman kowanne da Hausa: kullum, jiya, gobe, ana cikin yi, an riga an yi, umarni, da a ce.

Salonsa ke nan. Ba ya ba aji aikatau ɗaya su haddace. Kowa da kalmar aikin da yake ci da ita, shi zai bi layukan nan bakwai da ita daga farko har ƙarshe.

"Kabiru, kai da wankin mota. Bisimilla."

Wani direba mai tsayi ya miƙe yana murmushi. "I wash. I washed. I will wash. I am washing. I have washed."

"Umarni fa? Ka ba ni umarni."

"Wash!"

"Haka kake yi wa yaran gidanku tsawa, na sani. Saura da a ce."

Kabiru ya sosa ƙeya. "If I washed the car, Alhaji would smile."

Aji ya kwashe da dariya. Nabiha ta saci kallon bencin baya, ta ga Abba ya gyaɗa kai sau ɗaya ya yi rubutu. Hankalinta ya ɗan kwanta.

Hajara mai girki ta yi nata da cook. Da ta zo kan he da she a layin kullum ta ce he cook, Maharazu ya ce, "He cooks, Hajara, kin bar masa wutsiyarsa a kicin." Ta rufe baki da mayafi tana dariya, ta maimaita daidai. Abba ya sake gyaɗa kai. Wallahi a lokacin Nabiha har ta fara tunanin kalar ankon da za ta fitar.

Sai layi ya zo kan Baba Zakari.

"Baba, daga zaune," in ji Maharazu. "Kalmarka open ce. A hankali."

Tsohon ya riƙe fensir da hannu biyu. Ya san idon mai gidansa yana kan ƙeyarsa.

"I open. I opened. I will open. I am opening. I have open."

"Madalla, Baba. Umarni."

Nabiha ta ji kuskuren, ta kuma san dalilin da aka wuce shi. Maharazu ya taɓa gaya mata. Yara yakan gyara musu nan take, da wasa da dariya. Dattijo kuwa sai ya bari an shiga rubutu, kowa ya duƙufa a kan littafinsa, sannan ya je ya tsuguna kusa da shi ya gaya masa a kunne. Ya ce dattawa biyar suka daina zuwa a shekarar farko kafin ya gane haka.

To, ita ta sani. Abba bai sani ba. Kuma a wurin mutumin da ya yi shekara talatin da ɗaya yana duba malamai, babu zunubin da ya kai malami ya ji kuskure ya ce madalla.

"Dakata, Malam."

Kowa ya waiwaya baya. Alhaji ya miƙe, ya tako har gaban allo.

"Ka ji abin da ya ce kuwa?"

"Na ji, Baba."

"Ka ji, ka ce madalla?" Ya juya. "Kai Zakari, tashi tsaye."

Tsohon ya miƙe da ƙyar, littafinsa ya zame ya faɗi ƙasa.

"Sake faɗa. An riga an yi."

"I have... I have open, ranka ya daɗe."

"Opened! Sake."

"I opened."

"Ina have ɗin ya tafi? Sake!"

Shi ke nan, ɗan abin da ya sani ma ya gudu. Ya ce I opening, ya ce I will have, ya tsaya yana motsa baki ba sauti. Gumi ya jiƙa gefen hularsa.

"Shekara ashirin kana buɗe min ƙofa," in ji Alhaji, "amma ka kasa faɗin ka buɗe ta?"

Wani saurayi a baya ya tuntsire da dariya, biyu suka taya shi. Ba mugunta ce ta sa Alhaji ya faɗa ba, haka ya saba, haka aka koya masa shi ma. Amma Nabiha ta ga idon Baba Zakari ya kawo ruwa, kunya ta kama ta kamar ita aka tsayar.

Maharazu ya ajiye alli. Ya tako ya shiga tsakaninsu, ya duƙa ya ɗauki littafin ya miƙa wa tsohon.

"Zauna, Baba Zakari."

Bai zauna ba. Mai gidansa yake kallo.

"Zauna, Baba. A nan ni ne malaminka."

Ya zauna. Sannan Maharazu ya juya ga Alhaji, ya haɗa hannuwansa a gaba, ya yi ƙasa da murya, amma garejin ƙarami ne, kowa ya ji.

"Baba, ka gafarce ni. A ajin nan ba a tayar da dattijo tsaye, ba a kuma yi masa gyara a gaban 'ya'yan cikinsa. Zan gyara masa, ina da lokacin da nake yi. Mun ji daɗin zuwanka, amma kai baƙo ne. Don Allah ka koma bencin baya."

Innalillahi. Nabiha ta runtse ido.

Ta zaci Abba zai fice. Bai fice ba, sufeto ba ya barin darasi a tsakiya. Ya dubi Maharazu na ɗan lokaci, ya koma ya zauna inda aka nuna masa, ya buɗe littafinsa. Haka ya zauna har minti ashirin. Yana kallo aka gama umarni da da a ce, yana kallo aka shiga rubutu, yana kallo Maharazu ya je ya tsuguna gefen Baba Zakari yana nuna masa wani abu da yatsa. Da aka tashi ya rufe biro, ya wuce mota.

Nabiha ta tsaya a bakin garejin har mutane suka ragu. Hawayen da take riƙewa suka zubo.

"Malam, me ka yi mana?"

"Nabiha..."

"Ka san abin da ya kawo shi? Yau ce ranar. Ya ce in ya gamsu, Asabar magabatanka su zo. Wata huɗu ina faɗa da Mami a kanka, wata huɗu! Har ya fara gyaɗa kai, na gani da idona. Minti nawa ne ya rage? Ba za ka iya yin shiru na minti biyu ba?"

"Kin ga fuskar tsohon nan kuwa?"

"Na gani! Ni ya goya a kafaɗa ina yarinya, kada ka gaya min. Amma Abba ne fa. A gaban mai gadinsa ka ce ya koma ya zauna. Ko gwamna bai taɓa gaya masa haka ba."

Maharazu ya dubi hannunsa da ya yi fari da alli. "Na san na yi masa nauyi."

"To je ka yanzu, ga shi can a mota. Ka durƙusa ka ce ka yi kuskure. Don Allah, Malam. Don darajar iyayenka."

"Zan durƙusa in ba shi haƙuri a kan ɓacin ransa, ko sau goma ne. Amma in ce abin da na faɗa kuskure ne, ban san yadda zan yi in faɗe shi ba."

"Ko da za ka rasa ni?"

Ya sunkuyar da kai. Hon ɗin mota ya yi ƙara sau ɗaya. Ta goge fuska da gefen mayafi ta tafi.

Da suka isa gida Abba ya wuce ciki. Sai da ya zauna a kujerarsa ta falo, Hajiya Rabi ta fito da sauri tana gyara ɗankwali, sannan ya buɗe littafin.

"Ya san aikinsa," ya ce, kamar mai karanta rahoto. "Allonsa a tsare. Muryarsa tana kaiwa baya. Kowane ɗalibi ya yi magana. Da a lokacina ne, da na rubuta a ƙara masa girma."

Fuskar Hajiya Rabi ta canja. "To, ai sai ka..."

"Ban gama ba. Wannan sufeto ne ya yi magana. Yanzu uban yarinya zai yi. Yaron nan ya zaunar da ni a gaban Zakari. Zakari, da nake ba umarni safe da yamma."

"Ya zaunar da kai?" Hajiya Rabi ta dafe ƙirji. "Tun kafin a ba shi? Ai kuwa in aka ba shi, mu da kanmu sai ya kore mu daga gidan. Na faɗa, ba a ji ba. Hanif ko ido ba ya iya haɗawa da kai."

Alhaji ya ɗaga mata hannu. Nabiha yake kallo.

"Ban rufe ƙofa ba. Gobe bayan La'asar zan koma, in zauna a bencin da ya nuna min. Ya tsaya a gaban ajin nan, a gaban Zakari, ya ce shi ne ya yi kuskure, ni ne da gaskiya. In ya yi, Asabar tana nan. In bai yi ba, kada in sake jin sunansa. Ki gaya masa."

Ta ɗauki wayarta daga kan tebur ta fita tsakar gida. Ana ta kiran Magariba a masallatan unguwa. Baba Zakari yana tsugune a bakin famfo da buta, da ya gan ta ya miƙe.

"Hajiya ƙarama, ba dai na jawo wa Malam wani abu ba?"

"Babu komai, Baba."

"Kan ne ya tsufa. Na iya ta fa, jiya sau uku na faɗa daidai. Ganin Alhaji ne ya ruɗa ni." Ya juya butar a hannunsa. "Ni ba wani abu nake nema ba. So nake in baƙo ya yi min Turanci a bakin ƙofa in daina cewa yes, yes, ban san me na amsa ba."

"Na sani, Baba."

"Da muna tahowa na ce na bar karatun nan, ba zan iya kallon yaran nan ba. Sai na tuna abin da Malam ya ce. Ya ce a ajinsa ba a tayar da dattijo. A gaban Alhaji ya faɗa. Tunda nake aikin gadi, ba wanda ya taɓa tsaya min haka." Ya share ido da bayan hannu. "Gobe zan koma, in Allah ya kai mu. Ni zan riga kowa zuwa."

Nabiha ta ce Allah ya kai mu. Ta shiga ta yi salla, ta daɗe a kan dardumar, sannan ta kira Maharazu.

Ta gaya masa sharaɗin yadda Abba ya faɗa, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba.

"Zan yi," ya ce.

"Me ka ce?"

"Zan yi, Nabiha. Tun da kika tafi nake zaune a garejin nan. Kin tambaye ni ko da zan rasa ki, na kasa ba ki amsa. To ga amsar, ba zan iya ba. Ki ce wa Abbanki ya zo. Zan tsaya in ce na yi kuskure."

Abin da ta roƙa da hawaye ke nan awa ɗaya da ta wuce, ga shi an ba ta. Ta jira farin ciki ya zo, bai zo ba. Abin da ta gani kawai shi ne Baba Zakari a benci na biyu, ya riga kowa zuwa, yana sauraron malaminsa yana janye maganar.

"Baba Zakari zai zo gobe," ta ce. Kuka ya ci ƙarfinta. "Ya ce saboda abin da ka faɗa zai koma."

"Na sani. Zan same shi daga baya in yi masa bayani."

"Wane bayani? Ka ce masa da shi ka sayi aure?"

"Nabiha, ke kika ce..."

"Na san abin da na ce! Ina son ka, Malam, Allah ya sani, kuma tsoro nake ji. Amma in ka tsaya gobe ka faɗi haka, zan aure ka, kuma kullum na fito zan wuce shi a bakin ƙofa. Ba zan iya ba. Kada ka yi."

"Kin san abin da hakan yake nufi?"

"Na fi ka sani. Ubana ne."

Ta kashe wayar kafin ya sake magana. Ta wanke fuska, ta yafa mayafi, ta sauko.

Abba ya dawo daga masallaci yana zaune da carbi. Mami tana gefensa, wayarta a hannu, kuma Nabiha ba ta buƙatar a gaya mata lambar wa take shirin kira. Ta durƙusa a kan kafet.

"To?" in ji Alhaji Sanusi. "Me ya ce?"

"Ya ce zai yi, Abba."

Hajiya Rabi ta taɓe baki. Alhaji ya gyaɗa kai, ya kai hannu zai ɗauki jaridarsa.

"Ni ce na ce kada ya yi."